Keken da Ba Ya Ɗaukar Kaya

A bakin kasuwar doya ta Lafia yake tsaye, dattijo mai furfura da gajeren wando irin na 'yan firamare, ƙwaurinsa duk busasshen taɓon fadama. Kekensa sai sheƙi yake, amma kariyar baya wayam, ko kaza babu. Ina zaton tsohon ma'aikaci ne da matarsa ta gaji da ganinsa a falo.

Mutmainna mai doya tana tambayarsa, "Baba, sai ina?"

"Awe, daga can in gangara bakin Binuwai. A hankali nake tafiya, ina kallon ruwa da tsuntsaye."

"Biki ne ko rasuwa?"

"Yawo ne kawai."

Tana masa kallon tausayi. Sai ta zaɓo manyan doya, ta ɗaure su tamau a kariyar da roba.

"Yayata Hannatu tana dafa gishiri a Awe, ka kai mata. Gara a gan ka da kaya, Baba, kar a ce ka zare."

Ga shi can yana tuƙi yana tangaɗi. Yanzu kam har 'yan acaba suna masa sannu da aiki.