Hancin Goggo Zulai

A Gazara, in baƙo ya tambayi gidan Goggo Zulai ba a wahalar da kai wajen kwatance, sai a ce masa ya bi hancinsa. Shekara talatin ke nan tana daddawa. Ni da na tashi katanga ɗaya da ita, har yau tufafina ba su yafe mata ba. Ƙanwar babana ce, gajeruwa, ga faɗa kamar ta ari baki, kuma ina ƙaunarta sosai.

Mata goma sha ɗaya ke cin abinci a sana'arta: masu kawo kalwa, masu surfe, masu wanki, masu kaiwa kasuwar Makarfi. Yawancinsu zawarawa ne, ko waɗanda mazansu suka tafi cirani. Kowane aiki ta sakar musu, ban da guda ɗaya. In an dafa kalwa an rufe ta ta kwana, Goggo kaɗai ke shiga ɗakin da aka ajiye ta, ta ɗaga buhu ta shaƙa, ta ce ta nuna ko da saura. Ba ta taɓa koya wa kowa wannan ba, wai hanci ba a aronsa.

Bara mura ta kwantar da ita. Ta warke, amma hancin bai dawo ba, ko albasa ba ta ji. Don taurin kai ta yi shiru, ta koma buɗewa da kintace. Rufin farko ta buɗe da wuri, na biyu ya zarce ya lalace. Masu saye suka fara zancen komawa sayen daddawar Hunkuyi. In na uku ya ɓaci, matan nan sai zaman gida, ita ma ta sani.

Ranar buɗe na ukun ina tsakar gidan. Ta shiga ɗakin ta daɗe, sannan ta leƙo ta kira Mairama, bazawarar da ta fi kowa daɗewa tana wanke mata kalwa.

"Zo ki shaƙa min. Ni kam na daina ji."

Ban taɓa jin muryar Goggo ta yi ƙasa haka ba, har sai da tausayinta ya kama ni.

Mairama ko bakin ƙofa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Da saura, Inna. A bar ta zuwa la'asar."

"Daga nan kika gane?"

"Daga bakin rijiya ma ana ganewa."

"Tun yaushe kika iya?"

Mairama ta sunkuyar da kai. "Shekara tara. Ba ni kaɗai ba ce, duk mun iya."

"Kuka zuba ido har rufi biyu ya lalace?"

"Ba mu so ki gane mun gane ba, Inna."

Goggo ta buɗe baki za ta yi faɗan da ta saba, faɗan ya ƙi fitowa. Ta zauna a kan turmi ta goge ido da gefen zane.

"To, ku shigo dukanku," ta ce.