Isufu, Mai Auna Murya da Gaisuwa

Ranar Talata ce, sha biyu ga watan Sha'aban, ƙarfe goma da minti ashirin na safe. Mu uku ne a ɗakin ɗaukar murya da ke unguwar Ladjifarani a Parakou: ni, da abokina Isufu mai ɗakin, da Alhaji Gambo, tsohon dillalin shanu daga Djougou. Alhaji ya zo ne ya faɗi tarihin kakanninsa fatake, waɗanda suka bi hanyar goro daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja har suka yada zango a Djougou, don jikokinsa su sami abin ji. An ɗauki minti hamsin, tarihin ya kai rabi, tsoho ya gaji. Isufu ya ce a ƙarasa bayan sallah. Zazzaɓi ya kwantar da Isufu a makon, ya rasu bayan kwana tara. Bana shekara takwas ke nan.

Na yi aikin karanta labarai da Hausa a wani gidan rediyo na garin nan shekaru masu yawa, kuma duk wata sanarwa ko talla da nake so ta fita da kyau, wurin Isufu nake kai ta. Ɗan mahauta ne. Mahaifinsa ya so ya gaji wuƙa, shi kuwa ya bi waya da makirufo, amma bakin fawa bai taɓa barinsa ba. Ranar da ya fara sauraron muryata cewa ya yi, «Musa, kitse ya yi maka yawa a ƙasa, bari in yanke kaɗan. Ƙashin yana da kyau, ba zan taɓa shi ba.» Murya mai kaifi kuwa, jijiya yake ce mata. Ban taɓa jin wani injiniya ya bayyana sauti daidai kamar haka ba.

Abin da yake wannan yanka da shi wani akwatin ƙarfe ne, faɗinsa kamar kamu biyu, kaurinsa bai wuce tafin hannu ba. Masu sana'ar suna ce masa «tranche» da Faransanci. Aiki uku yake yi a jere. Yana ɗaga muryar da ta fito daga makirufo ba tare da ya jawo shuu a bayanta ba, yana gyara launinta, sannan yana danne ta a hankali idan mai magana ya ɗaga ta fiye da kima. Maɓallan murɗawa ne jere a fuskarsa, da allura guda mai rawa a bayan gilashi. Irin mai tsada ne ƙwarai, daga Turai wani ɗan kasuwa na Cotonou ya kawo masa, kuma bijimansa na gado ya sallama kafin ya same shi. Dangi suka yi ta dariya, wai shanu sun koma gwangwani. Isufu ya ce aƙalla wannan ba ya cin dusa.

Akwatin yana da hali guda da ya kamata mai karatu ya riƙe: ba ya ajiye komai. Ko ka daidaita shi ga muryar mutum yau, gobe wani ya zo ka murɗa, na jiya ya tafi ke nan. Kowace murya sai an sake auna ta. A gidan rediyo an koya mana a ce wa baƙo ya ƙirga ɗaya zuwa goma. Isufu bai taɓa yin haka ba. Ya ce babu wanda yake magana da muryar da yake ƙirga da ita, sai mai amsa tambaya a ofishin jandarma.

Shi gaisuwa yake yi. Ɗakin ɗaya ne, ba gilashi tsakaninsa da baƙo, sai ya zauna taku biyu daga makirufo, hannunsa a kan maɓalli, ya fara: ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya mutanen Bariénou, yaya ƙafar Hajiya. Baƙo yana amsawa, yatsunsa suna aiki. A «lafiya lau» yake samun tsakiyar murya. Idan ya tambayi lafiyar wani maras lafiya, murya ta yi ƙasa, ya ji inda take ɓacewa. Daga nan sai ya jefa tsokana, baƙo ya fashe da dariya ko ya taso masa, allura ta kai ƙarshenta, ya san inda zai danne. Minti huɗu, an gama. Baƙo bai san an auna shi ba, ya dai san an karɓe shi. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a wurin Isufu ita ce ma'aunin aiki.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu akwai kwaikwayon akwatinsa a cikin kwamfuta, har da hoton allurar, kuma shi yana ajiye duk abin da ka saita. Yaran unguwar Kpébié suna haɗa waƙa a ɗakin kwana su tura ta duniya kafin azahar. Ba na jin zai yi fushi, don Isufu ba maƙiyin sabon abu ba ne. Zai sa kunne, ya ce naman ba laifi, ya nemi a koya masa. Abin da zai ba shi dariya shi ne saƙon murya na waya, inda mutum yake jero gaisuwa goma shi kaɗai ba ya jiran amsa, mai karɓa kuma ya ƙara mata sauri don ya wuce ta.

'Yarsa Habsatu ta karanci aikin sauti a Cotonou, ta dawo ta buɗe ɗakin shekara uku da suka wuce. Ta fi mahaifinta sanin lissafin abin, kuma kunnenta nasa ne. Abu ɗaya ya tsaya mata a rai, rabin tarihin Alhaji Gambo. Ta aika masa sau da yawa, yana cewa wanda ya fara shi ne zai ƙarasa. A halin nan tsufa yana cin Alhaji, ya bar zuwa kara, kasuwar shanu, ƙannensa biyu da suka san wani abu na tarihin suka rasu. Sauran rabin, wato yadda gidansu ya bar goro ya koma shanu da sunayen waɗanda suka yi hakan, ba ya kan kowa sai shi. A watan jiya ya aiko cewa ya yarda, amma ba zai iya hawa mota ba.

Muka naɗe akwatin a bargo, Habsatu ta rungume shi a cinya tun daga Parakou har Djougou, ba ta yarda direba ya sa shi a but ba. Mun isa da hantsi. Aka shimfiɗa wa Alhaji a zaure, aka jawo wuta daga shagon maƙwabci, ta kafa makirufo, ta sa abin ji a kunne.

«Kaka, ku ƙirga mini ɗaya zuwa goma,» in ji ta.

Ya ƙirga. Muryar ta fito siririya, allura ko motsi ba ta yi sosai ba. Ta ƙara ƙarfi, sai kukan kaji da baburan titi suka shigo suka rufe shi. Aka gwada fara tarihin. Ya faɗi sunaye uku, ya tsaya, ya dubi makirufo kamar baƙon da ba a gabatar masa ba. «Amaryata, kin makara,» ya ce. «Muryar ta bi ubanki. Ku naɗe kayanku ku ci abinci.»

Habsatu ba ta yi gardama ba. Ta ce a bar ta ta saurari na da, ko ta ji yadda aka saita akwatin a wancan lokaci. Ta buɗe tsohon aikin a kwamfuta, ta saka shi a ƙaramar lasifika tun daga farkonsa. A nan na tuna abin da na sani na manta: Isufu yakan kunna ɗauka kafin ya fara gaisuwa. Muryarsa ta fito daga nesa kaɗan, taku biyu daga makirufo.

«Alhaji, ina kwana?»

Alhajin da ke cikin lasifika ya amsa. Alhajin da ke zaune a gabanmu shi ma ya amsa, da cikakkiyar murya, «Lafiya lau, ɗan mahauta.» Ba ruɗewa ya yi ba, ya san sarai abin da yake ji. An gaishe shi ne, kuma bai saba barin gaisuwa a ƙasa ba. Na ga allura ta tashi. Na ga hannun Habsatu ya kai kan maɓalli.

Isufu ya tambayi gajiya, ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa, tsoho yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, wani wuri yana gyara amsar da ya bayar shekara takwas da suka wuce. Da aka zo kan lafiyar ƙanensa, ya yi ƙasa da murya ya ce, «Ya riga mu, Isufu, yana wajenku.» Habsatu ta ɗan murɗa. Sai tsokanar ta zo: «Alhaji, an ce saniyar da kuka sayar wa babana ta girmi kakata. Kwana biyu muna dafa ta.»

Tsoho ya yi dariya har rawaninsa ya goce. «Ƙarya yake yi,» ya ce da mu, yana nuna lasifika. «Karsana ce. Ubansa ne bai iya wuta ba.» Allura ta kai ƙarshe, ta dawo. Habsatu ta kashe lasifika, ta danna ɗauka, ta ce, «Kaka, to wa ya fara kawo shanu gidanku?» Ya gyara zama ya ɗora daga inda ya tsaya.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a wannan rana uban ne ya auna, 'yar ta murɗa. A hanyar dawowa ta tambaye ni me ya sa ban taɓa gaya mata yadda yake yi ba. Na ce ni ma gaisuwa kawai na ɗauke ta tsawon shekaru, sai daga baya na gane aiki ne, kuma ban zaci abu ne da ake koyarwa ba.

Idan na auna abin da ya rage na Isufu, akwatin yana ciki, kuma har yanzu ban ji na'urar da ta fi shi tausasa muryar tsoho ba. Sai dai ƙarfe ne, wata rana zai lalace, a nemi wani. Abin da ba shi da madadi shi ne wannan minti huɗu. Habsatu ta bincika sauran ayyukansa ta tarar kusan kowanne da shi ya fara: mawaƙa, malamai, mata masu tallar magani, mahauta masu cigiyar bijimi, duk ana tambayarsu gida da iyali, duk suna dariya a wuri guda. Allah ya jiƙan Isufu, ya sa a karɓe shi yadda ya karɓi mutane.

Rabi na biyu ya ɗauki awa ɗaya da minti goma. An haɗa shi da na farko, an tura wa jikokin Alhaji Gambo, kuma bisa umarninsa ba a yanke gaisuwar ba. Akwatin ya koma mazauninsa a Ladjifarani. Ranar Litinin da ta wuce na je ɗaukar wata sanarwa, Habsatu ta zaunar da ni, ta ɗora hannu a kan maɓalli, ta tambaye ni yaya gwiwata.