Dron bisa rijiya, mutum na ciki

Asabar da ta wuce, ana sallame sallar asuba munka bar Tawa, mu ukku cikin tsohuwar motar abokina. Har yanzu da nike rubutun ga raina a ɓace yake, in na yi zahi ku yi haƙuri.

Niyyarmu mu je wani ƙauye gaban Barmou mu gaida kakar mai motar, mu kai mata shayi da sukari. Na ukkunmu kuwa sabon dron ya sayo, ɗan jirgin nan mai kamara, ya rungume kwalin kamar jinjiri. Na tambaye shi ko yana da takardar izini, tunda kowa ya san ƙasar ga ba a tada abin nan haka kawai. Ya ce wasa ne, wa za ya gane shi cikin daji.

Hanya dai kun san ta. Kana barin gudron, wato kwalta, sai jar ƙasa, mota na rawa, haƙoranka na kaɗawa. A Barmou munka tsaya munka sha hura da nono, munka sayi cuku. Mai hurar ta dubi hwararen takalmanmu ta ce Allah shi maido su gida da kamanninsu.

Da hantsi munka iso wata rijiya bayan gari. Shanu da awaki sun yi cirko-cirko suna jira. Raƙumi ke jan igiya, ta bi ta kan wani icce da anka gitta bakin rijiyar, wani dattijo na riƙe da akala yana tahiya da shi sannu-sannu. Ba mu san mi ke ƙarshen igiyar ba. Ba mu tambaya ba. Ko gaisuwa ba mu kai ga yi ba, mutumina ya aje dron bisa mota ya tada shi. Ni kuma, don in hwaɗi gaskiya, ina tsaye ina cewa kai, ya yi kyau.

Sai ya sauko da shi dab da kan raƙumin, wai hoton kusa yake so. Raƙumi ya ji ƙugi bisa kai, ya yi ruri, ya zabura. Igiya ta shiga gudu bisa iccen, mutane sunka ɗau kuwwa: "Mutum! Akwai mutum!"

Ashe yasar rijiyar ake. Tun sahe wani bawan Allah ke can ƙasa yana kwasar laka, lokacin nan ake hiddo shi, ɗaure da igiyar a ƙugu. Dattijon bai saki akala ba. Raƙumi ya ja shi bisa tsakuwa da gwiwoyi, mutum biyu sunka hwaɗa kan igiyar, da ƙyar ya tsaya. Da munka leƙa, ga mai yasa yana lilo dab da baki, laka da jini sun ruhe mishi ido. Da raƙumin nan ya ƙara taki kaɗan, da kan mai yasar ya daki iccen.

Ba wanda ya zage mu, shi ya hi yi mini ciwo. Dattijon ya kakkaɓe riga, ya dubi mai dron ya ce:

"Ɗana, jirgin naka bai iya sallama ba? Da kun yi magana, sai mu ce ku dakata shi hito, ku ɗauki hoto har ku gaji."

"Baba, ai minti biyu ne kawai."

Na ce ma mai dron ya ruhe muna baki ko in taka abin nan da ƙahwa.

Mu munka kai mai yasar likita a Barmou, ƙanensa na tallabe da shi. Kahwaɗar dama ta goce, anka yi mishi ɗinki a goshi. Rijiya kuma ga ta can an bar ta rabi. Gidan kaka ba mu je ba, shayinta da sukarinta sunka biyo mu.

Muna kan hanyar dawowa, mota tsit, sai na ji ƙarar raƙumi daga kujerar baya. Mutumina ne ke kallon bidiyon, har yana cewa wallahi hoton ya hito. Na sa anka tsaida mota, ban bari munka motsa ba sai da ya goge shi gabana. Muna shiga Tawa bayan la'asar na sauka na hau kabu-kabu, ban iya ƙara zama kusa da shi ba.

Ga abin da tahiyar ga ta koya mini, ku masu sayen dron. Ku nemi izinin hukuma tukuna. Kar ku tada shi bisa kan mutane, kar ku kusanci dabba da shi. In kun isa wuri, ku sauka ku gaida mutane ku tambayi mi ake ciki. Mai tsayawa yana yabawa kamar yadda na yi, shi ma da laihinsa.

Jiya na kira ƙanen mai yasar. Ya ce da sauƙi, amma har yanzu da hagu yake cin tuwo.