Ɓ Mai Lanƙwasa

Bango ɗaya ne ya raba keken ɗinkina da teburin Anti Tafireta. Tun tana budurwa take buga wa mutane takardu, tun zamanin injin nan mai ƙara kamar ana faskare, shi ya sa sunan ya bi ta har furfura. Hannunta akwai sauri, bakinta kuma ya fi hannun.

Mijinta, wanda muke ce wa Injiniya don tsokana, mutum ne mai ƙa'ida har ta yi yawa. Da ya sayi laftop, sai da ya goge duk abin da ta zo da shi ya zuba wata manhaja da ake kira Linux, wai shi ba ya amfani da abin da ba zai iya leƙa cikinsa ba. Shi ya kafa akwatin wayfai a bangon shagon, ya raɗa masa suna "Ina nan".

Bara Allah ya yi masa rasuwa. Akwatin bai sani ba, yana nan yana ƙifta koriyar fitilarsa. Duk wanda ya buɗe waya a layinmu sai ya ga "Ina nan" da ɗan kwado a gefe. Wallahi har yau tsikar jikina tashi take yi.

Da babbar kwamfutarta ta ƙone, dole Anti ta ciro laftop ɗinsa daga ƙasan akwatin kaya, karo na farko tun ranar da aka kai shi asibiti. Ta kunnu lafiya, amma ta ƙi shiga wayfai. Ashe bawan Allah ya saita ta yadda kullum sai ta tambayi kalmar sirri.

Kalmar kuwa Anti ta san ta, don sunan da yake kiran ta ne saboda kwashe masa biro da take yi: ɓarauniyata. Ta buga, kwado ya ƙi buɗewa. Ta sake, ya ƙi. Da yake ta intanet ake turo mata yawancin aiki, masu takardu suka fara komawa wani shagon.

Ranar da ta kira mai gyara da la'asar, na bar ɗinki na leƙo. Ya buɗe wani baƙin allo, ya yi ta zuba rubutu, sannan ya share gumi.

"Anti, laftop lafiyarta ƙalau, tana ganin wayfai ɗin. Kalmar ce ba daidai ba. A ba ni tsinke in danna bayan akwatin, komai ya goge, mu sa sabo."

"Har sunan?"

"Har shi. Ai sai in sake rubuta miki irinsa."

"Da hannun wa? Ka taɓa akwatin nan, ɗana, ni da kai ne."

Na ce, "Haba Anti, abincinki ne fa." Ta yi min wani kallo.

Ta daɗe tana duban yatsunta. Can sai ta yi 'yar dariya marar daɗi. Tafiretar da ta koyi aiki a kai ba ta da baƙaƙe masu lanƙwasa, don haka hannunta bai taɓa sabawa da su ba, shi kuwa Injiniya ko saƙon waya ta tura masa sai ya dawo mata da shi a gyare. Duk kwanakin nan "barauniyata" take bugawa.

"Mugun mutum," in ji ta. "Har yanzu gyara min rubutu kake yi."

Mai gyara ya nuna mata inda marigayin ya ajiye madannan Hausa a saman allo. Ta sa ɓ da yatsa ɗaya, a hankali, ita da ba ta taɓa duban madannai ba. Alamar wayfai ta yi ta juyawa, sannan ta cika.

Na ce, "Ya kama!"

Ita ba can take kallo ba. Batirin agogon laftop ɗin ya daɗe da mutuwa, kwanan watan da ke sama yana tsaye a ranar da Injiniya ya rufe ta. Muna kallo, da shigarta intanet, ya yi tsalle ya dawo yau.

Anti ta janye hannunta ta ɗora a cinya.

"Ita ma ba ta ji rasuwarsa ba," ta ce, tana duban laftop ɗin. "Ga shi ni da kaina na faɗa mata."