Tulluwar Tukwane a Bayan Kanti

Ni magini ne, ɗan magini. A ƙasar Kano na koyi aikin a hannun mahaifina, da tubali da azara. Aka ɗauke ni soja lokacin babban yaƙi, da aka sallame mu kuma na zo Jos na zauna a Gada Biyu. Yanzu da nake zuwa ajin manya da la'asar, hannuna ya fara sabawa da alƙalami, labarin da na fi so in ajiye shi ne na wani ɗan ɗaki da na gina wajen shekara goma bayan yaƙin.

A soja ban riƙe bindiga sosai ba, aikin gini aka sa mu. An kai ƙungiyarmu wani gari na bakin teku a ƙasar Masar, inda manyan jiragen ruwa suke tsayawa. Kusa da tashar akwai cocin sojojin Girka, masu bin tsohuwar hanyar Kirista da suke kira Otodoks. Bom ya faɗi kusa da shi ya tsaga rufin, aka tura mu gyara.

Wani tsoho mai gadin wurin ya ba ni tarihinsa, rabi da Larabci, rabi da hannu. Ya ce sojojin ruwa na wani yaƙi da aka yi tun kafin namu su suka gina shi. Duwatsun a cikin jiragensu suka kawo daga gida. Shingen wurin sarƙar jirgi ce, kowace gaɓa ta kai kaurin cinyata, ƙararrawar kuma daga wani jirgi da ya nutse aka ciro ta. Ginin kansa ginshiƙai huɗu ne a tsakiya, a kansu wuya kewayayye mai ƙananan tagogi, a kan wuyan tulluwa mai shuɗin fenti wadda matuƙa suke hangowa tun daga cikin teku. Babu benci a ciki, a tsaye suke ibada. Daga gaba an yi katangar katako cike da hotuna, mai ƙofa uku, kuma gabas suke fuskanta kamar mu. A jikin bango an liƙa fararen duwatsu ɗauke da sunayen waɗanda teku ya cinye.

Da na hau sama na leƙa cikin tsagar, sai na ga tukwanen ƙasa a jere cikin ginin, bakin wannan a gindin wancan. Na yi dariya, na ce maginan da sun yi rowar dutse. Muka toshe tsagar, na sauko, ban sake tunawa da su ba.

A Jos akwai wani tsoho mai kantin yadi kusa da kasuwa. Kowa Kwara yake ce masa, kamar yadda ake kiran 'yan Labanan, shi kuwa kullum yana gyara musu cewa shi mutumin Girka ne. Wata rana ina gyara masa dakali, na hango hoto da 'yar fitila a kusurwar kantin, na ce na taɓa ganin irinsu, na faɗa masa wurin. Sai ya ajiye almakashi ya kama hannuna da hannu biyu.

Ashe ɗansa guda sojan ruwa ne, daga wannan tashar jirginsu ya tashi, bai dawo ba. Babu kabari, kuma tsohon bai taɓa samun zuwa ya ga ko an rubuta sunan a bango ba. Limaminsu daga nesa yake zuwa a jirgin ƙasa, sai a shekara uku ko huɗu ba a gan shi ba, ga shi ya aiko takarda cewa zai biyo ta Jos a ƙarshen damina. Tsohon yana fama da tari, ya san ba lalle ya ga wani zuwan ba.

"Kofur," haka yake kirana, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, "ka yi mini ɗaki ƙarama a bayan kanti. Irin wancan. Da hula a kai."

"Tulluwa ake cewa, Baba."

"To, tulluwa. Ka iya?"

"A cikinta aka haife ni," na ce.

Na tayar da bango da dutsen Jos, taku goma sha biyu kowane gefe. Na yi wuyan da tagogi takwas. Da aka zo rufi, na yi yadda mahaifina ya koya mini: na ɗaura azara, na lanƙwasa baka, na ɗora ƙasa mai kauri, na shafe da makuba. Ta yi kyau ƙwarai, har masu wucewa suna tsayawa kallo. Abin da ban lissafa ba shi ne ruwan Jos ba irin na Kano ba ne. A Kano a yi ruwa, rana ta fito ta busar. A nan sai a kwana huɗu ana yayyafi, a bi shi da ƙanƙara. Ƙasar ta sha ruwa ta yi nauyi, wata safiya cikin watan Agusta na zo na tarar tulluwar ta zauna a tsakar ɗakin.

Tsohon yana tsaye da lema, yana kallon sama ta inda rufin yake a da.

"Kofur, hularka ta faɗi."

"Na gani, Baba. Laifina ne."

"A sa kwano kawai. Allah yana ji ko a ƙarƙashin kwano."

Ya faɗa yana murmushi, amma na ga yadda ya juya da sauri ya koma kanti. Saura mako bakwai limamin ya zo.

Na zauna a kan tarin ƙasar ina juya wani dunƙule a hannuna, ina jin nauyinsa. A nan tukwanen nan suka faɗo mini a rai. Ashe ba rowa ba ce. Tukunya cikinta iska ce, tana cika wuri ba ta da nauyi, kuma ƙasar da aka gasa ba ta jin tsoron ruwa. Shekara goma ina yi wa mutanen nan dariya, su kuwa sun fi ni sanin aiki.

Washegari na ari jakai biyu na nufi wani ƙauye a kan hanyar Kuru, wurin wata tsohuwa mai ginin tukwane. Na duba kayanta, na zaɓi masu dogon wuya da siririn gindi, don su ne za su shiga juna. Ta dube ni tun daga hula har carbi.

"Malam, ka san na mene ne waɗannan?"

"Na sani, Mama."

"Na burkutu ne fa. Guda nawa?"

"Duk abin da kike da shi, ki kuma gasa mini wasu."

Ta tafa hannu ta kira maƙwabtanta su zo su ga malamin da zai shayar da Jos gaba ɗaya. Da na bayyana mata a rufi zan sa su, dariyar ta ƙaru. Ta ce, "To ka bar mana tsani, mu riƙa hawa."

A Gada Biyu ma ban tsira ba. Na shigo unguwa da jakai niƙi-niƙi da tukwanen giya ana fitowa daga sallar la'asar. Matata ta leƙo daga zaure ta ce, "Maigida, sabuwar sana'a aka samu? Da ka faɗa mini na jiƙa dawa." Na ce ta jira ta gani.

Wannan karon na kafa bakunan gora don su riƙe siffar, na riƙa jera tukwanen a kwance, zobe bisa zobe, bakin wannan a gindin wancan, ina cike tsakaninsu da siminti da yashi. Zobe ɗaya nake yi a yini, in rufe da buhuna saboda ruwa. Tsohon yakan fito ya ce in yi sauri, ni kuwa in ce masa sauri ne ya kayar da ta farko. A gindin tulluwar na bar tukwane takwas bakinsu yana kallon cikin ɗaki, don na tuna na ga ramuka haka a can, ko da yake ban san amfaninsu ba. Ranar da muka zare gorar, na sa shi ya tsaya a waje, na tsaya ni kaɗai a ƙarƙashi. Ko ƙura ba ta zubo ba. Aka yi ruwa kwana uku a jere a makon, da ƙanƙara, tana nan. Muka shafa mata shuɗin fenti.

Saura sunan ɗan nasa. Babu farin dutse, sai na shafe wani wuri a bangon arewa da siminti mai laushi. Tsohon ya rubuta a takarda da haruffansu, ni kuma na kwafa da ƙusa a hankali, yana tsaye a kafaɗata yana cewa, "Haka, haka."

Limamin ya iso da baƙar riga da gemu har ƙirji. Mutanensu ba su fi goma ba, da dafaffiyar alkama a faranti, wadda suke kawowa in za a yi wa mamaci addu'a. Ni na tsaya a waje, jikin taga. Da ya ɗaga murya sai ɗan ɗakin nan ya amsa, sautin ya kewaya sama ya dawo kamar mutum ashirin ne suke yi. Limamin da kansa ya ɗaga kai ya dubi rufin. Sai a lokacin na gane aikin ramukan nan takwas. Na ji ya ambaci sunan da na kwafa, sau uku.

Da aka gama tsohon ya fito, idanunsa jajur, ya miƙo mini alkamar a ɗan kofi. Da zuma a ciki da 'ya'yan itace.

"Kofur, an kira shi. Ka ji?"

"Na ji, Baba. Har bakin titi an ji."

Ya zauna a kan dakalin da na gyara masa, ya ce in zauna. Muka ci alkamar tare, muna kallon ruwa yana gangarowa daga kan tulluwar yana bin indararo.