Sunan da Yaya Hanne Ta Ƙi Kira

A Toranke, idan aka tashi misalin wanda ya ci ribar ƙasar waje, yayata Hanne ake nunawa. Wai ta yi aikin Hajji sau uku, ta sa wa gidanmu kwano, ta haƙa rijiyar burtsatse da rabin unguwa ke sha. Duk gaskiya ne, ban musa ba. Amma ni Lami, da muka fito ciki ɗaya da ita, in na ji ana wannan yabo sai in ji kamar in watsa wa mai maganar ruwan wanke-wanke. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu Fulanin gida ne, shanun sun ƙare amma kunyar tana nan daram. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tambayar lafiyarsa da baki. Kuma abin ba ya cutar da kowa, don yaro yana da ido. Zai ga tsokar naman da aka ɓoye masa a ƙarƙashin tuwo, zai ji an ja masa zane in sanyi ya sauko. Yaya Hanne ta fi kowa riƙe wannan al'ada. Tun ranar da aka raɗa wa 'yarta suna Zulfa ban taɓa jin sunan a bakinta ba. "Waccan" take cewa, ko "yarinyar nan".

Zulfa na da shekara huɗu mijin Yaya, Bubayero, ya kwanta dama. Ya bar mata gona ɗaya da ko rabin rumbu ba ta cikawa. Wata mata mai kai mutane Umara ta yi mata hanya, Yaya ta ce shekara biyu za ta yi ta dawo. Ranar tafiya na raka ta tasha a Gaya. Ta miƙo min hannun yarinyar ba tare da ta dube ta ba, ta shige mota, ta danne bakin mayafi da haƙora. Shekara biyun nan sai da ta zama sha takwas.

A Jidda ta samu aiki a gidan wasu Larabawa, tana rainon ɗansu Anas tun yana cikin tsumma. Ɗakinta da na'urar sanyi, kaza kullum, in ta yi ciwo a kawo mata magani har gado. Amma ba ta da iƙama, takardar zama, saboda haka ko jiniyar motar asibiti ta ji sai ta nemi wurin ɓuya, ta ɗauka 'yan sanda ne. Shekara sha takwas ba ta taɓa sa hannu a faranti ɗaya da mutanen gidan ba. In sun ji daɗi ita ce Hajja, in ransu ya ɓaci ita ce takari.

Duk Juma'a bayan an sauko masallaci take kira. Zulfa takan yi wanka, ta sa kayan da uwar ta aiko, ta zo ta manne a jikina tana kallon wayar. Yaya za ta tambayi gero, ta tambayi awaki, ta tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Sai can a ƙarshe ta ce, "Sauran yaran duk lafiya?"

"Ga ta nan kusa da ni, Yaya. In ba ta?"

"A'a, bar ta. Ana kirana."

Haka muka yi ta yi, mako bayan mako. Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Yaya, wannan kunyar ta gida ce. A waya babu tuwon da za ki ɓoye nama a ciki." Ta ce ashe na lalace haka, ta kashe wayarta. Ni ma dai ba zan wanke kaina tas ba. Ita yarinyar, Inna take kirana, kuma ina jin daɗin hakan, shi ya sa ban ƙara matsawa ba.

Zulfa na da shekara sha huɗu Yaya ta turo mana bidiyo, wai don mu ga tana cikin rufin asiri. Walima ce ake yi wa Anas ya sauke Alƙur'ani. Ga Yaya nan ta rungume yaron, tana sumbatar kansa, tana ta "Anas, ya habibi, Anas". Zulfa ta kalla har sau uku. Ta miƙo min wayar ta ce, "Inna, ashe ta iya kiran suna." Daga wannan Juma'ar ba ta sake zama kusa da waya ba.

Ta yi karatunta da abin da uwar ke aikowa, ta zama ma'aikaciyar jinya, ta auri Abdulsalam, wani malamin makaranta a Gaya. Kayan ɗakinta daga Jidda suka zo, mata suka yi ta santi. Uwar amarya kuwa ni ce.

Bara aka kama Yaya a hanyar kasuwa. Ta yi wata biyu a tsare, aka saka ta a jirgi aka sauke a Kano, daga ita sai abaya da silifa da wayarta. Zulfa ta zo Toranke da tsohon ciki, ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. An zo lafiya?" Ladabi kam babu abin kushewa. Irin gaisuwar da ake yi wa matar mai gari ce. Yaya ta kawar da kai gefe kamar yadda al'ada ta ce, ta amsa wa bango.

Da Zulfa ta haifi mace, na san abin da Yaya take jira. 'Yar fari mace, ai sunan uwa ake sa mata. Ta sayar da 'yan kunnen zinarenta, abu ɗaya mai daraja da ya tsira a jikinta, ta sayi rago. Safiyar suna maza suka shafa fatiha a ƙofar gida, aka shigo da labari: sunan jaririya Bilkisu. Sunana ne na yanka. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Yaya ta ce, "Allah ya raya," ta ci gaba da tsinke zogale.

Zulfa kuwa ta ɗauki 'yarta a tsakiyar mata tana yi mata rawa, tana "Bilkina, Bilkina". Wata gwaggonmu ta riƙe haɓa ta ce, "Ke, 'yar fari ce fa. Ina kunyar?" Zulfa ta ce, "Gwaggo, na ga inda kunyar take kai mutum."

Ana cikin haka wayar Yaya ta yi ƙara. Anas ne, ya zama saurayi, yakan kira ta lokaci lokaci. Yaya ba ta iya rage muryar wayar ba, sai maganarsa ta cika tsakar gida: "Ummu Zulfa! Ya Ummu Zulfa!" Ya ci gaba da Larabci, sunan Zulfa na ta fitowa a ciki. Wata malamar Islamiyya da ke zaune ta fassara mana. Wai yana tambaya ko Zulfa ta sauka lafiya, ko har yanzu tana tsoron kaji, ko tabon ƙunar da ke hannunta na hagu ya ɓace.

Sai a ranar na sani. Larabawa da sunan ɗan fari suke kiran mace. Shekara sha takwas Yaya tana amsa sunan uwar Zulfa safe da yamma, tana guga tana ba ɗan wasu labarin 'yarta, alhali 'yar tana nan Toranke ta yi wanka tana jiran kalma ɗaya.

Zulfa ta dubi tabon hannunta, ta dubi uwarta. Ta ce, "To, a can aka san haka."

Yaya ta ajiye wayar a kan tabarma, Anas na ta magana shi kaɗai. A gaban gwaggonni da surukai da kowa, ta ɗaga kai ta kalli 'yarta ido cikin ido, ta ce, "Zulfa."

Zulfa ta gyara wa jaririyarta hula, ta ɗan rusuna.

"Na'am, Hajiya. A ƙaro miki abinci ne?"