Kwalabe Biyar Na Yaya Apolonia Da Ba Mu Gano Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, da misalin ƙarfe goma na safe, yayata Apolonia Gawron ta rasu a asibiti a garin Sandomierz na ƙasar Poland tana da shekara saba'in da uku. A coci Fada ya ce ciwon zuciya ne. Ban ga laifinsa ba, abin da aka faɗa masa ya faɗa. Ni Sabina, ƙanwarta, ina zaune a layin gaba na ciji leɓe har ya fashe. Yau kwana tara ke nan ina haɗiye maganar nan, kuma ta ishe ni.

Yaya Pola, ke kika raine ni bayan mahaifiyarmu ta rasu, kina 'yar shekara sha biyar kina kitsa mini gashi da hannu ɗaya kina juya miya da ɗayan. Da mijina Feliks ya mutu, kwana arba'in kina tako hanya da tukunyar miyar kabeji, ki ajiye, ki zauna, ba ki taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Kin san haƙurin ba ya zuwa da umarni.

Duk ƙauyen nan da nalewka aka san ki, barasar vodka da kike jiƙa 'ya'yan itacen ceri a ciki. Kowane Yuli sai ki tara mu a ƙarƙashin bishiyoyi bakwai na bayan gida, kowa da fil ɗin gashi, muna cire ƙwallo har yatsunmu su rine. Ki bar ƙwallo goma a kowane tulun gilashi saboda ƙamshi, ki zuba vodka, ki ɗaure baki da ƙyalle, ki jera a taga sati shida kina girgiza su kowace safiya. Daga nan ki tace, ki zuba sukari a kan 'ya'yan su saki ruwansu, ki haɗa. Mashayi bai taɓa samun komai a wurinki ba sai faɗa. Ɗan ƙaramin kofi ɗaya kike ba baƙo, ki ce, "Wannan ta hira ce, mai neman maye ga hanya can." Kuma dokarki ɗaya ce tun muna 'yan mata: ba bakin da zai taɓa ta kafin naki.

Bana kin yi da yawa saboda bikin jikarki Liliana. Gwiwoyinki sun hana ki zuwa kanti sayen vodka, sai Waldek, mijin 'yarki Danuta, ya ce, "Mama, ki huta, ni zan je." Kin gargaɗe shi a gabana, kin ce ta kanti mai hatimi kike so. Bai je kanti ba. Ya saya a jarka daga wani mutum a bayan mota a bakin kasuwa, saboda araha, ya juye a tsofaffin kwalaben kanti, ya kawo miki yana murmushi. Araha dai ba ta ado, amma ban taɓa sanin tana kashe mutum ba sai a kanki.

Ranar Asabar ɗin da ta gabaci rasuwarki kika ɗura a kwalabe, kika ɗanɗana kofi uku tsakanin safe da yamma kamar yadda kika saba, kika ce ta yi. A ranar kika raba kwalabe sha ɗaya ga waɗanda suka taya ki aiki da waɗanda suka gitta ta ƙofarki. Lahadi kika tashi da ciwon kai, kika ce hawan jini ne. Litinin kika kama hannuna kika ce, "Sabina, ƙanƙara ce ke sauka a ɗakin nan? Ba na ganin fuskarki." Likita ya gaya mana a fili cewa guba ce, irin barasar da ake goge gilashi da ita, wadda harshe ba ya iya bambanta ta da ta sha.

Waldek, da kai nake yanzu. Kuskure kowa na yi, da ka durƙusa ka faɗi gaskiya da na yi kuka tare da kai. Amma da 'yan sanda suka tambaya, ka ce ita ta saya da kanta, kuma kwalba ɗaya ce. Tir! Matar da ko coci sai an riƙe ta take zuwa, ita ce ta je bayan mota ta ɗauko jarka? Ka ɗora wa gawa laifinka saboda ka san ba za ta tashi ta ƙaryata ka ba. Sauran da ke cikin ɗakin ajiya ka zubar a ɓoye, na waje kuwa ka yi shiru.

Danuta ta same ni a kicin bayan jana'iza tana kuka. Ta ce, "Inna Sabina, ki rufa mana asiri, a bari bikin Liliana ya wuce tukuna." Na ce, "Haba Danuta! Kwalaben da ke gidajen mutane fa?" Ta ce ai Mama ta rubuta a jikinsu kada a buɗe kafin Kirsimeti, muna da lokaci, za mu karɓo su a hankali. Na yi shiru saboda ina ƙaunarta, kuma ina jin kunyar shirun nan har yanzu. Ba mu gama share hawaye ba sai ga maƙwabcinmu tsoho Kazimierz ya ɗaga murya a teburin cin abinci, ya ce shi ba zai jira Kirsimeti ba, ranar ziyarar kaburbura, ɗaya ga Nuwamba, zai buɗe tasa ya sha don tunawa da ke, Yaya, mutane suna gyaɗa kai.

Washegari na bi gida-gida da sandata. Na karɓo shida, har da ta Kazimierz, wanda sai da na zage shi kafin ya saki. Biyar ban san inda suke ba, domin ke, Yaya, ba ki taɓa tambayar sunan wanda kike ba kyauta ba. Jiya na je na gaya wa 'yan sanda duk abin da na sani. Danuta ta daina ɗaga wayata, kuma na ji an cire sunana daga masu zuwa biki. Na rungumi hakan.

Allah ya jiƙan ki, Yaya Pola, ya ba ki hutu na har abada, ya buɗe miki idanun nan da aka rufe miki a cikin haskensa. Ina yi wa Danuta ta'aziyya ko ba ta so, da Liliana wadda ba ta da laifin komai, da ƙanenmu Lucjan, da duk wanda ya taɓa zama a teburinki. Waldek kuwa, Allah ya ba shi ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya kafin a ƙara binne wani.

Kai kuma da ke riƙe da kwalba mai jan kakin zuma a baki, da rubutun hannun Yaya Pola da shekarar bana, na san kana ajiye ta ne saboda ita ce ta ƙarshe. Don Allah kada ka buɗe, kada ka ba kowa. Ka kawo mini, gida na uku bayan coci, ko ka kai wa 'yan sanda. Saura kwana tara kafin ɗaya ga Nuwamba.